Ubangidan da Ba Shi da Ƙofa

A zamaninmu jiniya ce ke tashin Kakuri.
Ta yi kuka da asuba, mu fito kamar tururuwa,
kowa da kekensa, da ɗumame ɗaure a ƙyalle.
Shekara goma sha tara na yi gaban injin saƙa
har kunnena na hagu ya riga ni yin ritaya.
Amma na san manajanmu.
Yana da tumbi, yana da ofis,
ofishin na da ƙofa, ƙofar tana jin bugu.
Ran da inji ya cinye wa Bitrus yatsu biyu
muka kashe komai, muka zauna a ƙasa,
ba mu tashi ba sai da aka biya shi.

Ɗana Tanimu kuwa, waya ce ke tashinsa.
Ya ɗauko shinkafa a Barnawa ya kai Malali,
takalmi daga Kasuwar Bacci zuwa Narayi,
maganin wata tsohuwa, ɗinkin wata amarya,
akwati a baya, babur na bashi,
mai daga aljihunsa, taya daga aljihunsa.
Na ce, wa kake wa aiki?
Ya ce, Baba, kaina. Abokan hulɗa suke ce mana.
Na ce, abokin nan naka, ya taɓa zuwa gaishe ka?
Ya yi dariya, ya nuna mini taurari biyar a gilashi.

Sai ruwan Agusta.
Kogi ya cika, titi ya ɓoye ramukansa,
waya na cewa saura minti shida, saura huɗu.
Bayan gada ya faɗa ɗaya.
Miya ta bi kwata, ƙafa ta karye wuri biyu.
Yana kwance cikin taɓo wayar na ta ƙara,
mai abinci a Unguwar Rimi ya gaji da jira,
ya ba shi tauraro ɗaya, ya je ya dafa taliya.
Ban ga laifinsa ba. Yunwa yake ji, bai sani ba.

Da safe saƙo ya zo: an dakatar da kai.
Babu suna a ƙasa. Na nemi wanda zan zaga, na rasa.

Uwarsa ta sayar da injin markaɗe.
Aka zaga da faranti bayan sallar isha'i.
Bitrus ya hau mota tun daga Sabon Tasha,
ya miƙo dubu biyar da hannun nan mai yatsu uku.
Gadon asibiti na gwamnati ne, wato namu,
titin da ya kayar da shi namu ne,
yaron ma namu ne.
Kason da ake cira a kowace tafiya, shi ne ba namu ba.
Kura da shan bugu, gardi da karɓar kuɗi.

Ban ce a kashe manhajar ba.
Tsohuwar nan tana bukatar maganinta,
kuma masaƙa ba za ta sake kuka ba, na daina jira.
Cewa na yi, mai cin riba a titin gari
ya ajiye wani abu saboda ranar karaya,
ya kafa ƙofa inda ƙafa za ta iya zuwa,
kada lissafi ya kori mutum ba a ji ta bakinsa ba.

Jiya su tara suka zo dubiya,
babura jere a ƙofar gida kamar ana suna.
Wata yarinya, Kyauta, mai kai kaya a Kawo,
ta buɗe littafin makaranta tana rubuta sunaye.
Ta ce, Baba, ku yaya kuka yi?
Na shiga ɗaki na ɗauko katin ƙungiyata,
gara ta ci gefensa, hoton ya koɗe.
Yana zagayawa hannu zuwa hannu
wayar ɗayansu ta yi ƙara.
Ya dube ta, ya dube mu,
ya kife ta a kan tabarma.